Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Nasiha ga Matasa Masu Sayar da Kaya a Intanet

Yau a Kano da Kaduna da Zariya da Gombe da Maraɗi, da wuya mutum ya buɗe sitatus ɗin WhatsApp bai ci karo da atamfa ko leshi ko turaren wuta ko takalmi ko cajar waya an sa a kasuwa ba. Wasu sun buɗe shafi a Instagram da TikTok, wasu sun yi rajista a Jumia ko Konga, waɗanda aka kafa a Legas a 2012, wasu kuma suna baje hajarsu a Jiji. Abin farin ciki ne, domin sana'a ce da ba ta neman kuɗin hayar rumfa, ɗalibi yana yin ta daga makaranta, matar aure tana yin ta daga ɗakinta. Sai dai hankalin da yawa daga cikinku ya tafi wajen ɗaukar hoto mai kyau da tara mabiya, alhali abin da ya fi karya ƙaramin ɗan kasuwa yana wajen sari: yaushe za a sake saro kaya, kuma nawa za a saro. Shawarata guda ɗaya ce, sauran maganar duk bayaninta ne. Ku riƙa ƙirga kayanku da kwanaki. Duk sa'ad da kuka dubi abin da ya rage a ɗaki, bayan kun san dozin nawa ne ko katan nawa ne, ku tambayi kanku: wannan na kwana nawa ne?

Cuta biyu ce ke kama mai sayarwa, kuma daga rashin wannan tambayar dukansu suke fitowa. Ta farko ita ce yankewar kaya. An sha wahala an tallata abu har ya karɓu, saƙonni sun fara shigowa, sai a wayi gari babu ko ɗaya a hannu. Mai shago a Kantin Kwari idan abu ya yanke masa yakan zaunar da mai saye a benci, ya tura yaro maƙwabta ya karɓo, ko ya jawo masa makamancinsa daga kanta. Mai saye a intanet kuwa ba ya zama jira. Wanda aka ce wa “ya ƙare”, kafin ya ajiye waya ya ga irin kayan a shafin wani, idan kuma ya ji daɗin ciniki a can, ya tafi ke nan. Manyan dandalin saye da sayarwa ma suna lissafa odar da mai kaya ya soke don ba shi da abin da ya tallata, hakan kuma yana rage masa maki. Cuta ta biyu ita ce kwantai, kuma ta fi ta farko ciwo. Kayan da suka kwanta a ɗaki kuɗi ne da aka ɗaure: ba sa biyan bashi, ba sa sayo wani abin da ake nema, kuma kullum ƙura da zafi da ɓera da sauyin yayi suna cin darajarsu. Wanda kaya suka yanke masa ya rasa ribar mako guda, wanda ya yi kwantai kuwa yana iya rasa uwar kuɗin.

Maganin duka biyun yana farawa da littafi da biro. Kowane irin kaya a ba shi shafinsa, a riƙa rubuta abin da ya fita kowace rana, domin a san saurin fitarsa. A nan sai an yi wa kai gaskiya. Ciniki shi ne wanda alat ya shigo, kaya suka tafi, kuma ba a dawo da su ba. Masu danna alamar so, da masu tambayar “nawa ne?”, da masu cewa “a ajiye mini zuwa ƙarshen wata”, duk ba su shiga lissafi ba tukuna. Hoto yakan jawo yabo ɗari ya haifar da ciniki biyu, kuma wanda ya yi sari bisa yabo zai zauna da kayansa. Akwai kuma kuskuren da masu littafin ma suke yi, wato su raba cinikin wata da kwana 30 alhali kwana 10 daga ciki babu kayan a hannu. Idan an sayar da guda 80 a cikin kwana 20 da kayan suke nan, saurin fitarsu 4 ne a rana. Wanda ya raba 80 da 30 zai zaci bai kai 3 ba, ya sake saro kaɗan, su sake yanke masa. Sannan a rarrabe launi da lamba, domin mai yiwuwa baƙin mayafi yana gudu, ruwan hoda yana kwance, kuma takalmi lamba 39 da lamba 44 ba kasuwarsu ɗaya ba.

Abu na biyu da za a auna shi ne tsawon jira, wato kwanakin da ke tsakanin ranar da aka yanke shawarar sari da ranar da kayan suka zama a shirye don sayarwa. Mutane da yawa tafiyar mota kaɗai suke lissafawa, su manta da sauran. A ce wata mai sayar da mayafai ce a Gombe, tana saro su daga Kano. Kwana ɗaya na haɗa kuɗi da yi wa dila magana, kwana biyu kafin ya haɗa kayan ya kai tasha, kwana ɗaya a hanya, kwana ɗaya na zuwa karɓa da dubawa da ɗaukar hoto. Kwana 5 ke nan. Idan tana sayar da 4 a rana, to a cikin jiran nan za a nemi mayafi 20. Ashe ranar da saura 20 a ɗaki, kayanta na kwana 5 ne kacal, daidai da tsawon jiran, kuma duk jinkirin da ta ƙara bayan ranar zai zama ranakun da za ta riƙa ba mutane haƙuri. Wannan shi ne tushen lissafin gaba ɗaya: saurin fita sau kwanakin jira. Ba ya neman kwamfuta, ba ya neman digiri.

Sai dai hanya ba ta da alƙawari. Mota takan lalace, damina takan ɓata hanya, dila yakan ce sai sabuwar dila ta sauka, wani makon kuma ciniki yakan ɗaga ba zato. Don haka sai a ɗora guzurin ko-ta-kwana a kan lissafin farko, kuma littafin ne zai faɗi yawansa. Idan jinkiri mafi tsawo da ta taɓa gani kwana 8 ne, to ƙarin kwana 3 ke nan, wato mayafi 12. Iyakarta ta zama 32. Hanya mafi sauƙi ta kiyaye wannan iyakar ita ce a ware guda 32 ɗin a jaka daban a ɗaure bakinta, a riƙa sayarwa daga sauran. Ranar da aka kwance jakar, ranar ake yin oda, ba sai gobe ba. Kamfanin Toyota na Japan ya shahara da irin wannan dabarar, inda kati da ake kira kanban yake komawa wajen masu kawo kaya da zarar an taɓa wani adadi, don a cike gurbin abin da aka ɗauka. A kula da abu ɗaya: lokacin dubawa a haɗa abin da ke ɗaki da abin da aka riga aka biya yana hanya, a cire wanda aka sayar ba a kai ba tukuna. Rashin yin haka ne ke sa mutum ya yi oda sau biyu cikin firgici, kayan su sauka tare su danne shi. Lissafin nan kuma yana tona gaskiyar arahar nesa. Mai yin oda daga Guangzhou ko Yiwu ta jirgin ruwa, idan jiransa ya kai kwana 60 tun daga biya har fitowa daga tashar Apapa da hawowa Arewa, to da saurin 4 a rana sai ya yi oda tun yana da 240 a hannu. Wanda jarinsa bai kai ya riƙe wannan ba, sarin Kano ko Legas ko Aba ya fi masa, ko da farashin ya ɗan ɗara.

Tambaya ta biyu ita ce nawa za a saro, kuma a nan nauyi biyu ne ke rinjayar juna. Kowane sari yana da kuɗin da ba ya sauyawa sosai ko kayan da yawa ko kaɗan: ladan ɗan aike, dako, kuɗin zuwa tasha, da ranar da aka ɓata. Wannan yana tura mutum ya saro da yawa. Ajiye kaya kuma yana da nasa kuɗin: jarin da aka ɗaure, wurin ajiya, lalacewa, wucewar yayi. Wannan yana tura shi ya saro kaɗan. Tun a 1913 wani injiniya a Amurka mai suna Ford Harris ya fitar da lissafin daidaita waɗannan biyun, kuma har yau ana koyar da shi a makarantun kasuwanci. A ce kowane sari yana cin wa mai mayafan nan naira 6,000. Idan ta saro 30, kowane mayafi ya ɗauki naira 200. Idan ta saro 120, ya ɗauki naira 50. Idan ta saro 480, ya ɗauki naira 12 da ɗoriya. Daga 30 zuwa 120 ta rage naira 150 a kan kowane ɗaya, wannan riba ce ta gaske. Daga 120 zuwa 480 kuwa abin da ta rage bai kai naira 40 ba, alhali idan sarin kowane ɗaya naira 2,500 ne, ta tashi daga ɗaure naira 300,000 na wata ɗaya zuwa ɗaure naira 1,200,000 na wata huɗu. Wani abin da lissafin Harris ya nuna shi ne, idan ciniki ya ninka sau huɗu, abin da ya dace sarin ya ninka sau biyu kawai, a ƙara yawan zuwa. Don haka ku zaɓi kwanakin da kuke so kaya su kai ku, ku ninka da saurin fita. Ga mai sari a kusa, mako biyu zuwa wata ɗaya ya wadatar.

Babbar jarrabawa takan zo daga bakin dila, lokacin da ya ce idan aka kwashe duka zai yi ragi. Kafin ku amsa, ku mayar da maganarsa kwanaki da naira. Ragin naira 100 a kan mayafi 480 naira 48,000 ne. Idan guda 40 kacal suka yi kwantai har aka karyar da su rabin kuɗin sari, an yi asarar naira 50,000, ragin ya tafi har da ƙari. Garin neman gira ke nan a rasa ido. Kuma kaya suna suka tara. Abin da ba ya tsufa, kamar farar shadda ko baƙin hijabi, yana jure zama. Abin yayi, kamar sabon zanen atamfa ko rigar wayar da ake yayi bana, kwanakinsa ƙidayayyu ne, domin da wata sabuwa ta fito, ta bara ta zama nauyi. Man shafawa da kayan kwalliya da kayan ci suna da wa'adi a jikinsu, kuma mai saye ba zai karɓi abin da saura wata ɗaya ya lalace ba. Sabon abin da ba a taɓa sayarwa ba kuwa ba shi da shafi a littafi, don haka ba a san saurinsa ba. A ɗauko dozin ɗaya a gwada, ko da ya fi tsada, a bar kasuwa ta yi magana tukuna.

Saurin fita kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya duk shekara, don haka kwanaki sai an ƙirga su da baya. Mai sayar da yadi ya sani cewa teloli suna rufe karɓar ɗinki tun Sallah da sauran makonni, saboda haka kasuwar shadda da leshi tana tashi kafin azumi da farkonsa, ta takalmi da jaka da hula da turare kuma ta biyo baya a goman ƙarshe. A fara daga ranar da ake son kaya su kasance a hannu, a cire kwanakin jira, a rubuta ranar oda. A tuna cewa Sallah tana matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara, don haka kwanan watan bara ba ya aiki bana. Masu oda daga Sin suna da ƙarin abin lura. Sabuwar shekarar Sinawa tana faɗowa tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu, masana'antu sukan rufe, ma'aikata su tafi garuruwansu. A 2025 ta zo ranar 29 ga Janairu, azumi ya kama a farkon Maris, aka yi ƙaramar Sallah a ƙarshen Maris. Wanda ya jira Janairu kafin ya yi odar kayan Sallah ta ruwa ya makara. Sannan sarin ƙarshe na kowane lokaci ya zama ƙarami. Gara rigar sanyi ta yanke a makon ƙarshe na hunturu da a kwana da katan biyar har wata shekara.

Na san wani zai ce wannan lissafin na lokacin zaman lafiyar farashi ne, yanzu kuwa abin da aka saro yau gobe ya ƙara kuɗi, don haka gara a zuba duk abin da ake da shi a kaya. Maganar tana da ƙamshin gaskiya. An cire tallafin man fetur a Mayun 2023, aka saki darajar naira a Yunin shekarar, kuma a 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100. Amma a raba wannan adadin bisa watanni, zai zama kashi 2 zuwa 3 a wata. Wanda ya ɗaure kuɗinsa wata huɗu ya tsira daga ƙarin kusan kashi 10, wanda kuma yake juya kuɗin kowane wata a kan kayan da ake nema, ko da ribar kashi 10 ce, ya samu irin wannan sau huɗu. Kuma farashi ba sama kaɗai ya sani ba. A Fabrairun 2024 dala ta doshi naira 1,900 a kasuwar bayan fage, zuwa Afrilu ta sauko kusan 1,100, waɗanda suka cika ɗaki a tsadar suka rasa yadda za su sayar. Abin da ya dace a lokacin tsada shi ne a tsawaita sarin kayan da aka tabbatar da gudunsu kuma ba sa lalacewa, daga wata ɗaya zuwa biyu, sannan a riƙa sa farashi bisa abin da za a saro gobe, domin wanda ya sayar bisa tsohon sari zai ga riba a littafi ya kasa cike gurbin kayansa.

Wani kuma zai ce arziki na Allah ne, kuma manyan 'yan kasuwar Kwari da Singa da Kurmi da yawansu ba da biro suka yi kuɗi ba. Babu shakka Allah ne mai azurtawa, kuma ba lissafi ke kawo mai saye ba. Amma addininmu bai raba tawakkali da dabara ba. An umarci mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah, kuma Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya tsara ajiyar hatsin shekara bakwai na yalwa don shekara bakwai na fari. Dattawan kasuwa kuwa suna da lissafin, a ka yake. Sun yi shekaru suna yaran shago, suna ganin abin da ke fita da abin da ke kwana, har ido ya ishe su awo. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayo goro ma da rani suke tashi, madugu ya san zangonsa da guzurinsa kafin a ɗaura wa jaki kaya. Ku kun shigo kasuwa ba ku yi zaman shago ba, kuma ba kwa ganin fuskar mai sayenku. Littafi ne zai tsaya muku a madadin waɗancan shekarun. Gaskiya ne akwai abin da ya fi ƙarfin kowane lissafi, kamar kullen korona na 2020, ko rufe iyakokin ƙasa na Najeriya daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, ko rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023. Rigakafin irin wannan shi ne a san dila na biyu a wata kasuwa, kuma a bar wani kaso na jari a matsayin kuɗi a hannu.

Akwai masu cewa su sun huta da duk wannan, domin ba sa ajiye kaya: hoton dila suke ɗorawa, sai an biya su je su sayo. Ga mai farawa da hannu wofi wannan ƙofa ce, amma tana da tarko. Tsakanin shigowar alat da isa kasuwa kayan suna iya ƙarewa ko farashi ya tashi, sai a koma “yau, gobe” da kuɗin mutane, kuma amanar da ta zube a intanet da wuya ta kwasu. A hadisin Hakim bin Hizam an hana mutum sayar da abin da ba ya wurinsa, yayin da shari'a ta halatta cinikin salam, inda ake biya tun farko bisa sharaɗin a bayyana siffar kaya da adadinsu da lokacin kawowa. Ku nemi bayanin wannan a wajen malamai. Abin lura shi ne ko wannan hanyar ma ba ta tsira daga ƙirga kwanaki ba, domin ba ka iya yi wa mutum alƙawarin rana sai ka san tsawon jiranka.

Wanda kuma yake ganin jarinsa ya yi kaɗan da zai tsaya lissafi, ya sani cewa shi ya fi kowa buƙatarsa. Mai miliyan hamsin yana iya yin kuskuren sari ɗaya ya tashi, mai dubu ɗari idan ya yi sau ɗaya ya zauna. Da littafin ya yi wata biyu za ku ga cewa kaya uku ko huɗu ne ke kawo mafi yawan ribar. Su za a fara cikewa, su za a duba kullum, sauran su jira abin da ya rage. Abin da ya yi wata biyu bai motsa ba a karya farashinsa a fitar da kuɗin, domin da ruwan ciki ake jan na rijiya. Masu sayarwa ta manyan dandali su tuna cewa kuɗinsu ba ya shigowa ranar ciniki, sai bayan wasu kwanaki, kuma an cire kamasho, don haka wannan jiran ma ya shiga lissafi. Daga kowane ciniki a fara ware kuɗin sari a asusu daban kafin a taɓa riba, don kada ranar kwance jaka ta zo a tarar an cinye kuɗin oda a anko da data.

Ƙannena, kada ku bari sai wata ya kama. Yau da dare ku ɗauko littafi, ku zaɓi kaya uku da suka fi fita a hannunku, ku rubuta wa kowanne abu huɗu: nawa yake fita a rana, kwana nawa yake ɗauka kafin ya iso, a kan guda nawa za ku yi oda, kuma na kwana nawa za ku saro. Ku ware jakar ko-ta-kwana ku ɗaure bakinta, kuma kowace Juma'a ku sake duba adadin ku gyara. Allah ya sa albarka a cikin neman ku, ya tsare ku daga kwantai da cin amana, ya ba ku kasuwa mai ɗorewa.